Shekarar da Faranti Ya Kashe Mini Aure

Labari ya iso mini cewa kun fara ja-in-ja a kan faranti, alhali ban mutu ba. An ce wani mai sayen tsofaffin kayan Turawa ya zo daga wajen unguwar Sofoline ta nan Kumasi, ya leƙa ɗakina ya ga abin da ke rataye a bayan gado, tun ranar kuka koma kiransa farantin azurfar Baba. Na kuma san tun kuna yara dangin ubanku ke gaya muku cewa ya taɓa sakina saboda kaifin bakina. To, maganar faranti da maganar saki magana ɗaya ce. Tunda Allah ya sa na shiga makarantar manya da furfura a kaina har na iya riƙe alƙalami, gara in rubuta da hannuna, kada in tafi in bar labarina a bakin waɗanda ba su nan aka yi.

Ubanku sunansa Tanko. Na rubuta sau ɗaya, ba za ku sake ganinsa ba sai a bakin wasu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kyauta, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Aibinsa guda ne: idan ya faɗi magana a gaban maza, gara a zare masa haƙori da ya janye ta. Fataucin goro yake yi. Yakan shiga ƙauyukan Tonawa, 'yan asalin ƙasar nan, ya tara, a ɗaure a huhu, jirgin ƙasa ya kai bakin teku, na ruwa ya wuce da shi Ikko. Shekarar da nake da cikin babbarku goro ya yi masa kyau ƙwarai, kuma namijin da kasuwa ta yi wa kyau ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Wani Baturen kanti zai koma ƙasarsu, aka kaɗa ƙararrawar gwanjo a gidansa, ubanku ya je kallo. Da la'asar sai ga shi ya shigo unguwarmu ta Zango da ɗan dako a bayansa ɗauke da adaka, yara na bin su.

Da aka buɗe adakar a tsakar gida sai da na kare idona. Ga babban faranti mai hannu biyu, bakinsa da zanen ganye, ga butar shayi mai dogon wuya, ga cokula, ga waɗansu cokulan masu yatsu da ba mu taɓa gani ba. Iya, uwar ubanku, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta ɗauki mai yatsu guda ta jujjuya shi, ta soka a kitsonta ta ja.

"Bature ya yi hankali," in ji ta. "Ashe su ma sun san wahalar tsifa."

Daga ranar cokalin nan bai sake barin kanta ba, yana ƙarƙashin ɗankwali ko da yaushe. Ubanku kuwa ya kifa farantin ya nuna mana waɗansu 'yan tambura a bayansa.

"Kun ga wannan? Hatimin Sarkin Ingila ne. Azurfa ce tsantsa. Mai gwanjon da bakinsa ya ce mini, azurfa ne, kyau ne."

"Mutumin da Hausarsa ba ta san mace da namiji ba," na ce, "shi zai san azurfa?"

Bai kula ni ba. Ya ce abu ɗaya yake so, kullum ya ga fuskarsa a cikin farantin nan.

Ku 'ya'yan yanzu ba ku san yadda muke da ƙyalli ba. A zamaninmu ana sanin mace da jerenta. Baƙuwa ta shigo ɗakinki, kafin ta amsa gaisuwa idonta ya gama zagaye tasoshinki. Ni kuwa 'yar mai sayar da tasoshi ce, cikin tagulla na buɗe ido, kuma hanyar wanki ɗaya muka sani: toka, yashi mai laushi, lemun tsami, da soson ɓawon kwakwa, sai ƙarfin damtse. Ga damshin Kumasi, ƙarfe ya kwana biyu sai ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Don haka kullum da hantsi nakan zauna da tulun cikina in dirje farantin nan, in na gaji Iya ta karɓa, ita kuma tana da hannun dakan sakwara. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai ƙarfen da ba a yi wa haka. Ana nan sai wata safiya na ga tsakiyar farantin ta fara ja-ja, kamar fatar da ta sha ƙuna. Na ƙara toka. Jan ya ƙara faɗi. Na kira Iya.

Ta duba, ta duba, ta waiga ko akwai mai jinmu, ta rage murya.

"Yarinya, rufe bakinki. Zinariya ce take fitowa."

"Iya, zinariya a cikin azurfa?"

"Ƙasar Tonawa muke. Nan ko kaza ta yi tono sai ta tono zinariya. Ƙara dirzawa."

Ni dai na goga yatsana na shinshina, na ji warin da na sani tun ina goye. Na ɗiga lemun tsami a wurin na bar shi ya wuni, da yamma ya yi kore. Azurfa ba ta kore, baƙi take yi. Wannan jar tagulla ce aka yi wa wankan ruwan azurfa, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba, mu kuma mun kankare shi da hannunmu. Ban ɓoye ba. Ranar da na tabbata, ranar na gaya wa ubanku, na ce ya zo ya gani.

"Cikin nan ne yake sa ki ganin ja," in ji shi. "Kwanan baya ma kin ce tuwo yana warin kifi."

Ko leƙawa bai yi ba.

Ba a daɗe ba ya shirya sadakar godiya saboda kasuwa, ya gayyaci dattawan unguwa da limaminmu. Liman tsoho ne siriri mai tsantseni, ko goro ka ba shi sai ya tambaye ka inda ka samo. An kuma gayyaci Bawa, ɗan gwaggon ubanku, taubashinsa, maƙerin farfaru ne, shi ke yi wa matan Zango mundaye da zobba. Su biyun tun suna yara ba su haɗuwa a rabu lafiya. Muka dafa shinkafa da kaji. Da za a zuba a farantin, Iya ta shimfiɗa ganyen akwadu, wato ayaba, a tsakiya, wai kada bakin mutane ya kama zinariyarta. Aka kai zaure. Ni ina zaune a bayan zana ina jin komai, don a gidan Zango ba a yin asiri, tari ma maƙwabci ke yi maka sannu.

An ci an yi nisa, ina jin Liman yana yaba miya. Da ubanku ya yi shiru da an tashi lafiya. Sai na ji ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, ka san a kan me kake cin abincin nan? Azurfa ce tsantsa. Ko Sarkin Zango bai taɓa ci a kan irinta ba."

Daga baya aka gaya mini lomar tana tsakanin faranti da bakin Liman, a nan ta tsaya.

"Tanko, azurfa ka ce?"

"Tsantsa."

"Ka tara Musulmi ka ciyar da su a kwanon azurfa? Ba ka san an hana ci da sha a cikinta ba? Ni da na tsufa ina gudun shubuha, yau ka sa na cinye cinyar kaza a kan haram?"

Sai dariyar Bawa ta tashi.

"Malam, ƙarasa lomarka. Wane Bature ne zai bar azurfa mai faɗin nan a gwanjo, har ta faɗo hannun Tanko? Ba ni nan in ɗan sa mata magagari a gindi, yanzu hankalinka ya kwanta."

"Magagarinka ba zai taɓa farantina ba, maƙerin zoben yara."

"To ai shi ke nan, mai azurfar gwanjo."

Dattawa suka yi ƙasa-ƙasa da dariya. Dariyar nan ce ta kashe ni. Na ji ubanku ya miƙe, na ji rigarsa ta yi fuu, sannan na ji abin da har gobe yana kunnena.

"Ku shaida. Idan farantin nan ba azurfa tsantsa ba ne, matata ta saku."

Ina riƙe da ludayi a lokacin. Na dube shi, na dubi cikina, na dubi Iya. Iya ta ɗora hannu biyu a ka, cokali mai yatsu ya leƙo daga ɗankwalinta.

Liman ya ajiye lomarsa. Can ya ce, "To, ka haɗa mu. Ko dai ni na ci haram, ko kai ba ka da mata. Ɗaya daga ciki ya tabbata, sai a duba a gani."

Ubanku ya ce ba mai duba masa kaya. Ya sure farantin da sauran shinkafar da ganyen a kai, ya shigo gida, ya juye a ƙwarya, a nan ne idonsa ya faɗa kan jan. Na ga fuskarsa ta canza. Ya jefa farantin a adaka ya kulle, ya ba Iya makulli.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Liman ya shiga azumin tuba, kullum yana aiko a tambaya ko an duba, mutane suka ce har ya fara tafiya iska na kaɗa shi. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron gishiri don su ga ko ina nan. Mata biyu ma a bakin rijiya suka tambaye ni ko da wane suna za su gaishe ni, matar gida ko bazawara. Ubanku kuwa wata rana da azahar na same shi a ɗakin Iya ya buɗe adaka, yana shafa wa jan tozali da yawu, Iya na riƙe masa ƙofa.

"Ya kama?" na tambaye shi.

Ya yi firgigit. "Ke dai ki ce ba ki ga komai ba. Wa ya sani in ba mu uku ba?"

Iya ta jawo ni gefe. "Yarinya, ki yi wa Allah. Liman istigfari kawai zai yi, ai sana'arsa ce. Ke kuwa aurenki ne. Ki bar shi a azurfa, kowa ya huta."

Ba zan ce muku ban yi tunani ba. Ina son ubanku, ina son ɗakina, kuma cikina ya tsufa, ko sunkuyawa ba na yi. Amma ni ce na shinshina farantin nan, ni na ga koren. Na san tun kafin ranar sadaka ba azurfa ba ne, wato tun sa'ar da ya rufe bakinsa igiya ɗaya ta tsinke, ko an duba ko ba a duba ba. Ana so in ci gaba da zama a ɗakin mutum, in haifa masa ɗa, cikin auren da ni na fi kowa sanin ya mutu, a kuma bar tsoho yana kashe kansa da yunwa a kan laifin da bai yi ba. Duk don kada a yi wa namiji dariya a zaure. Na ce a raina, wanda ya rantse da ni bai shawarce ni ba, ni ma ba sai na shawarce shi ba.

Washegari da hantsi ubanku ya tafi tashar jirgi, Iya ta shiga wanka ta rataye zanenta a kan zana, makullin na ɗaure a bakinsa. Na buɗe adaka, na yi gammo, na ɗora farantin a ka, jan yana kallon sama, na fita. Ku kwatanta da idonku: mace da ciki haihuwa yau ko gobe, faranti yana walƙiya a kanta ba komai a ciki, tana ratsa Zango. Kafin in kai ƙofar Liman, rabin unguwa na bayana. Masu koko suka bar kokonsu. Wata Batoniya mai sayar da barkono ta tambaye ni me nake talla, na ce mata aurena.

Na durƙusa da ƙyar a zauren Liman na ajiye. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga shi. A kira Bawa."

Bawa ya zo da magagari a aljihu kamar dama jira yake. Amma da ya gan ni dariyar ta gudu daga fuskarsa.

"Matarmu, kin san abin da kike yi?"

"Yi aikinka."

Ya ɗaga farantin ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya saurara. Ya ce azurfa muryarta taushi gare ta, wannan kuwa amsa kuwwa yake kamar tasa. Ya kifa shi, ya sami ƙarƙashin hannu inda yashinmu bai taɓa zuwa ba, ya goga magagari kaɗan. Farin ya tafi, ja ya fito. Ya ce azurfar gaske ko ka raba ta biyu fara ce har ciki, wannan riga kawai aka sa mata.

Liman ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi," in ji shi, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Sai idonsa ya faɗo kaina. Ya sauke hannun a hankali. "Wato, inna lillahi. Sannu, 'yata."

Ya yi mini bayani a gaban jama'a. Saki ɗaya ne. Muddin ban haihu ba, ubanku na iya mayar da ni da kalma guda, ba sadaki ba shaidun ɗaurin aure. Amma iddar mai ciki haihuwarta ce. Ina sauka, na zama mai kaina. Aka aika a gaya masa ya yi sauri. Shi kuwa labarin ya riga ɗan aiken isa tasha, masu ɗaurin goro har sun fara kiransa Tanko Azurfa. Kunya ta hana shi shigowa Zango. Ya wuce ƙauyukan bayan Atonsu wai sayen goro, alhali ba lokacinsa ba ne. Ni na wuce gidan ubana da farantina a ka. Iya ta aiko mini da kayana ba ko gaisuwa.

Babbarku, wadda har yau ba na kiran sunanta, tun a ciki ba ta da haƙuri. Ba ta jira fushin ubanta ya huce ba. Ranar da ya dawo, ya shigo zauren ubana da gudu, ƙafa duk jar laka, tun daga ƙofa yake faɗi, "Na mayar da ita, ku shaida na mayar da ita." Sai kukan jaririya ya amsa masa daga cikin gida. Ubana ya ba shi tabarma, ya ce, "Barka da arziki. Zauna ka huta, ka makara."

Abin da ya biyo baya ba duka ne abin dariya ba. An yi suna Iya ba ta zo ba. Mata suka sa mini Mai-faranti, wadda ta ɗauki sakinta a ka ta kai wa Liman, kuma akwai gidajen da aka daina aiko mini goron biki har na tsufa. Ubanku sunan nan ya bi shi har kabari. Amma ya yi ta zarya, ya yi ta turo dattawa biko kamar saurayi, ni kuma na bar shi ya yi, don ƙafar da ta gudu ƙauye tana bukatar motsa jini. Da na gama wanka na ce na yarda, da sharaɗi biyu. Kada sunana ya sake shiga rantsuwarsa, ya rantse da goronsa in ya matsu. Sadakina kuma farantin nan nake so, ba wani abu ba.

Liman ya ce sadaki yana da mafi ƙaranci a shari'a, sai an kimanta an ga ko farantin ya kai. Aka sake kiran Bawa zauren ubana, ya zo da ma'auninsa. Ina bayan ƙofa da goyona. Ranar na ji abin da ban taɓa zato ba, ubanku yana roƙon Bawa.

"Duba bayan da kyau, ɗan'uwa, ai akwai sauran azurfa."

"Azurfar da ke nan ko ɗan kunnen jaririyarka ba za ta yi ba. Da ba a dirje shi ba, da wani akawu zai saya don kwalliya. Yanzu kuwa kuɗin tagulla ne, sai ɗan ladan zanen ganye."

"To haɗa da butar."

"Na haɗa."

"Da cokulan."

"Na haɗa. Saura ƙiris, Tanko Azurfa. Ko za ka rantse ya kai?"

Ba wanda ya yi dariya sai ubana. Ni na san Bawa yana ja masa rai ne, amma ubanku gumi yake yi da gaske. Ana cikin haka sai muka ji takun sanda. Iya ce, wadda tun ranar da na fita ba ta yi mini magana ba. Ta shigo zauren maza kanta tsaye, ba ta gaida kowa ba. Ta sa hannu ƙarƙashin ɗankwali, ta zaro cokali mai yatsu, da sauran furfura a jikinsa, ta jefa a kan farantin ya yi ƙara.

"Auna da wannan," in ji ta. "In ya kai a ɗaura, in ga jikata. Kaina ya yi wata uku ba mai yi mini tsifa."

Bawa ya ce ya kai har ya gota. Aka shafa fatiha.

Bayan shekaru masu yawa, da na koyi baƙaƙen boko, na kai farantin makaranta na nuna wa malamarmu tamburan nan na baya. Ta ce ba hatimin kowane sarki ba ne, haruffa ne da maƙeran can suke bugawa don mai saye ya san ruwan azurfa ne a kan tagulla. Ashe gaskiyar tana rubuce a gindinsa tun ranar da ya shigo gidanmu, muna ta dirzar fuskarsa.

Don haka ku bar cewa farantin Baba. Sadakina ne, ba ya cikin gadon kowa, kuma in mai sayen kayan nan ya dawo ku gaya masa tagulla ce, kada ku rantse masa da komai. Na bar wa babbarku, tunda gaggawarta ce ta sa aka biya ni shi. Cokalin kuwa kada ku wahalar da kanku nema. Daren biki Iya ta aiko a karɓo mata aro, kuma har ta koma ga Allah ban ga ranar da ta gama tsifar ba.